Saura wata biyu biki, gwaji ya nuna yana da ciwon hanta

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni budurwa ce, shekarata 24, a Kano nake. Akwai wanda muka yi shekara uku muna tare, an kawo kuɗi an sa rana, saura wata biyu biki, har an fara haɗa kayan ɗaki. Toh sai muka je gwajin nan na kafin aure, jinotayif ɗinmu lafiya lau, HIV babu, amma nasa rizalt ɗin sai ya nuna wai yana da ciwon hanta, hefataitis B. Nawa ni ya nuna babu. Wlh Anti mutumin nan ko zazzaɓi ba ya cika yi, idonsa fari tas, kullum da yamma yana filin ƙwallo. Tunda Ummata ta ji ta ce ita sam bata yarda ba, wai haka ƙaninta ya rasu, cikinsa ya kumbura idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ba za ta aurar da ni in zo ina takaba da ƙuruciyata ba. Yayar Umma kuma ta ce ai ciwon masu bin mata ne, Allah ne ya tona masa asiri. Abba bai ce komai ba, ya ce dai a dakata. Shi kuma ya rantse min bai taɓa kusantar wata mace ba, yanzu ma ya daina zuwa zance sai waya, domin ranar da ya zo ƙarshe ƙanwata ta ware kofin da ya sha ruwa a gabansa. Mamansa ta samo masa wani maganin gargajiya a jarka, wai in ya sha na wata ɗaya za a sake gwaji a ga babu. Anti ina son sa amma tsoro nake ji. Zan ɗauka in mun yi aure? Yaranmu fa? Ana warkewa? In haƙura ne ko in tsaya? Ki taimaka min, ko barci bana iya yi.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma inda ya fi tsaya min a rai shi ne wajen kofin nan. Ina hango shi zaune a ɗakin zance, yarinya ƙarama ta zo ta ɗauke kofi da gefen mayafi kamar an taɓa najasa, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Ba ƙaramin ciwo wannan ya yi masa ba, kuma na san ke ma ya yi miki. Ƙanwarki bata da laifi, abin da ta ji manya suna faɗa ne ta aikata.

Bari in fara miki da abin da nake gani kai tsaye sannan in warware. Takardar da ke hannunku a yanzu bata isa a fasa aure a kanta ba, kuma bata isa a ce babu komai a ci gaba da shagali ba. Gwajin da ake yi kafin aure, wanda dokar jihar Kano ta wajabta tun 2024, abu ɗaya kawai yake faɗa a kan hanta: akwai ƙwayar cutar a jini ko babu. Shi ne wanda za ki ga an rubuta HBsAg a takardar. Baya faɗin yaushe ta shiga, baya faɗin yawanta, baya faɗin ko ta taɓa hantar ko tana zaune ne shiru. Duk gidanku da gidansu kowa ya yanke hukunci a kan layi ɗaya na takarda, alhali sauran bayanin ba a ma nemo shi ba tukunna.

Kinsan mu Hausawa duk wanda idonsa ya yi rawaya sai mu ce shawara ce ta kama shi, shikenan mun haɗe cututtuka da yawa a suna ɗaya. Rawayar ido alama ce kawai, abubuwa da dama na kawo ta. Ƙwayoyin cutar da ke kama hanta kuwa kala biyar ne manya, A, B, C, D da E. Na A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci ake ɗaukarsu, irin wanda ke yawa in damina ta yi ambaliya ta haɗa rijiya da masai, mutum ya kwanta ya yi jinya ya tashi, yawanci basa zama a jiki, sai dai na E yana da haɗari sosai ga mai juna biyu. B da C su ne na jini, su ne masu zama a jiki shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba. D kuma baya kama mutum sai wanda yake da B. Toh naku B ne, kuma abin da kika ce na cewa idonsa fari tas yana buga ƙwallo, haka mafi yawan masu shi suke, shi ya sa sai wajen gwajin aure ko bada jini ko neman biza ake tsinta.

Yanzu maganar yayar Umma, don ita ce mai dafi, kuma ita ce za ta iya ɓata muku zama ko da an yi auren. Gaskiya ne ana ɗaukar B ta kwanciya, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki ji yadda cutar take: in babban mutum ya ɗauke ta, fiye da kashi 90 cikin 100 jikinsu yana korarta da kansa cikin wata shida, kaɗan ne take zama musu. In kuwa jariri ne ya ɗauka wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 zama take yi har girma. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar shi ma tana yawan zama masa. Don haka a ƙasashe irin namu, yawancin waɗanda ake samu da ita zaune a jini tun suna cikin zanin goyo ko suna wasan ƙasa suka samo ta. Ki tuna yadda aka yi rainon mu mana. Ran suna wanzami ya zo da askarsa ya yi aski, ya cire beli, wani gidan har tsaga, askar nan kuma daga wani gidan sunan ya taho da ita. Lokacin sanyi a tara yara maza goma a yi musu kaciya a jere. Ga ƙaho, ga mai yankan farce da ke bi kasuwa-kasuwa da almakashi ɗaya, ga allura a kemis a zamanin da ake dafa sirinji a sake amfani da shi, ga yara masu ƙuraje da miki suna kwana a tabarma ɗaya. Ba ina zagin wanzamai ba ne, da yawansu yanzu sabuwar reza suke ɓarewa a gabanka, amma shekara talatin da suka wuce wa ya san da wannan? Kuma allurar riga-kafin B sai a 2004 Najeriya ta sa ta cikin alluran yara, shi an haife shi kafin nan, ke ma a lissafin shekarunki da wuya a ce kin samu.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da B, wato in kika ƙirga mutum 12 ko 13 a gidan biki akwai yiwuwar ɗaya na da ita, kuma mafi yawansu basu sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya a 2022. Ni ba zan rantse miki a kan halin mutumin da ban taɓa gani ba, ke kika yi shekara uku da shi, ke kika san shi. Abin da nake cewa shi ne wannan rizalt ɗin ba shaida ba ne a kan zina, kuma ɗora wa bawan Allah wannan zargi babu hujja abu ne mai nauyi a addini, ita ma yayar Umma ta san haka in aka tuna mata cikin ladabi.

Kofin da aka ware a mayar da shi cikin kwanuka. B bata bin kofi, bata bin cokali, bata bin cin tuwo a kwano ɗaya, ko musabaha, ko tari da atishawa, ko cizon sauro. Zancen da ya cika gari cewa wai ta zufa ake ɗauka, har mutane suna gudun haɗa sahu ko zama kusa a adaidaita, ba hanyar yaɗuwarta ba ce. Abin kiyayewa shi ne duk abin da zai iya taɓa jini: reza, kilifa, buroshin goge baki, abin yanke farce, allura. Ƙwayar tana da taurin rai, tana iya yin kwana bakwai a kan ƙarfe ko busasshen jini bata mutu ba. Ya sayi kilifarsa ya riƙa zuwa da ita shagon aski, in ya ji ciwo ya rufe da filasta, kar ya bada jini. Iyakar takunkumin kenan a zaman yau da kullum.

Tambayarki ta ko za ki ɗauka ita ce mai amsa mafi daɗi, domin ita wannan cutar tana da riga-kafi, kuma mai ƙarfi. Allura uku ce a dantse: ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko. Fiye da kashi 90 cikin 100 na matasa masu lafiya irinki jikinsu yana gina garkuwa in sun kammala. Kafin a fara ki nemi a yi miki cikakken gwaji, ba HBsAg kaɗai ba, har da anti-HBs mai nuna ko kina da garkuwa, da anti-HBc mai nuna ko kin taɓa haɗuwa da ƙwayar, saboda "babu" da aka rubuta miki tana iya nufin baki taɓa haɗuwa da cutar ba, tana kuma iya nufin kin taɓa haɗuwa da ita tun kina yarinya jikinki ya kore ta ya bar miki garkuwa. Bayan allura ta ƙarshe da wata ɗaya zuwa biyu sai ki koma a sake auna anti-HBs ɗin, in ya kai 10 ko ya wuce toh kin samu kariya, in bai kai ba a sake miki zagaye. Wannan awon na ƙarshe mutane da yawa tsallake shi suke yi, ke kar ki tsallake, domin ke ba riga-kafin ko-ta-kwana kike yi ba, gida ɗaya za ku zauna.

Kin ga matsalar lissafi kenan, biki saura wata biyu, allura na son wata shida zuwa takwas. Hanyoyi ne a gabanku. Ko a ɗaga bikin, wanda ni shi na fi so, don zai ba kowa lokaci ya huce kuma kafin nan an gama binciken nasa. Ko ki tambayi likita tsarin gaggawa, akwai wanda ake yin alluran uku a kusa-kusa sannan a ƙara ta huɗu bayan shekara. Ko kuma a ɗaura aure a ranar da aka sa a jinkirta tarewa, wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ana yi saboda karatu ma ko gini bai ƙare ba. In kuma an tare kafin garkuwarki ta tabbata, toh kwaroron roba dole har sai takarda ta nuna, kuma in gaya miki gaskiya a matsayin wadda ta girme ki, amarya da ango da alƙawarin "za mu kiyaye" ban cika yarda da su ba. Ɗaga biki akwai surutu, na sani, 'yan anko za su yi ta tambaya. Ba dole ba ne ki yi wa kowa bayani, "an ɗaga zuwa bayan salla" ta wadatar, ciwon mutum sirrinsa ne.

Yara kuma, ki kwantar da hankalinki. Babbar hanyar da jariri ke ɗauka ita ce daga uwa wajen haihuwa, ke kuma ba kya da ita, in kin yi riga-kafi ba za ki samu ba balle ki ba su. Ba ciwon gado ba ne irin sikila da ke bin jinin iyaye ya shiga halittar ɗa. Abin da za ki riƙe da haƙori shi ne duk ɗan da kika haifa a yi masa allurar B cikin awa 24 na farko, sannan a bi da sauran na sati 6, 10 da 14 da ake haɗawa cikin allurar fenta, wato wadda ta haɗa riga-kafin cututtuka biyar. Kyauta ake yinsu a asibitocin gwamnati. Wannan na nufin ki haihu a asibiti, in kuma haihuwar ta zo a gida ko a daren Asabar, a fita da jaririn nan a nemo allurar, kar a ce sai an yi suna ko sai an yi arba'in. Ko matan da su ke ɗauke da cutar ma ana ba wasunsu magani a watannin ƙarshe na ciki, a yi wa jariri allura da wuri, su shayar da nono lafiya lau.

Toh yanzu shi kansa, kuma a nan ba zan shafa miki zuma a baki ba. B in ta zauna a jiki, zuwa yau babu maganin da ke fitar da ita gaba ɗaya. C ce ake warkewa tas, ƙwayoyi irin su sofosbuvir da daclatasvir na sati 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, shi ya sa in kin ji wani ya ce ɗan'uwansa ya sha magani wata uku ya rabu da ciwon hanta, ki tambaya wane kala ne. B danne ta ake yi. Kuma in aka yi banza da ita tana iya cin hanta a hankali har ta ƙanƙance ta taurare, ko ta kawo kansar hanta, kusan mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka ɗauka tun yarinta suna iya kaiwa ga haka in babu kulawa, maza kuma sun fi mata shiga haɗarin. Wannan shi ne abin da Umma ta gani da idonta. Amma ki lura da kalmar, in babu kulawa. Waɗanda ake kawowa asibiti ciki ya kumbura yawanci ranar ce suka fara jin sunan cutar, ta yi shekara talatin ko arba'in tana aiki ba wanda ya leƙa. Shi kuwa an gano tasa yana kan ƙafafunsa yana buga ƙwallo.

Abin da ya kamace shi yanzu shi ne ya ga likitan hanta, ba mai kemis ba, ba yaron lab ɗin da ya miƙa masa takarda ba. A Kano akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a asibitin koyarwa na Shika ta Zariya, da sauran manyan asibitoci. Za a sake tabbatar da gwajin, a auna ALT wanda ke nuna ko hantar na cikin kumburi, a duba HBeAg mai nuna ko ƙwayar na hayayyafa sosai, a yi gwajin yawan ƙwayar cutar a jini wanda ake ce wa bayiral lod, a yi sikanin na ciki, a duba ko akwai tabo a hantar, a kuma duba C da ƙoda. In bayan wata shida HBsAg yana nan, toh zaunanniya ce. Daga nan likita zai ce ɗaya cikin biyu. Ko dai cutar na kwance, ƙwayar kaɗan ce, hanta lafiya, babu buƙatar magani yanzu sai dai ya riƙa dawowa duk wata shida ko shekara ana dubawa, mutane da yawa a nan suke. Ko kuma ƙwayar na da yawa hantar ta fara jin jiki, sai a ɗora shi a kan tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya a rana, mai danne cutar har a auna a kasa ganinta a jini, ta rage haɗarin taurarewar hanta da kansar hanta sosai. Sharaɗinta shi ne yawanci shan ta na shekaru ne, wasu har ƙarshen rayuwa, kuma ba a dainawa da ka, domin in aka yanke ta kwatsam cutar na iya tasowa da ƙarfi ta bugi hanta. Kar kuma wani ya ba shi shawarar ya je ya saya ya fara sha don ya ji sunan a wajena. Gwajin bayiral lod ɗin akwai tsada, gaskiya ne, amma kuɗinsa bai kai na akwati ɗaya a cikin lefe ba.

Jarkar Mama kuwa, dan Allah ki roƙe shi ya ajiye. Na san da ƙauna ta nemo, uwa ce, an ce mata ɗanta na da ciwo kuma auren sa na rawa, dole ta bazama. Amma duk abin da mutum ya haɗiya hanta ce ke tace shi, kuma ba wanda ya san me ke cikin jarkar nan ko nawa ne adadinsa, sai a je neman gyara a ƙara wa mai ciwo kaya. Na taɓa zama a layin asibiti kusa da wata baiwar Allah da ta kawo mijinta, ta buɗe min leda ta nuna min robobi huɗu na jiƙe-jiƙe da ya shanye a wata biyu, wani baƙi ƙirin wani kamar kunun kanwa, ta ce min da ƙafarsa yake zuwa kasuwa kafin ya fara sha. Ban manta fuskarta ba. Kuma bari in gaya miki sirrin masu lasifika a mota da ke rantsuwa sun warkar da mutum ɗari: tunda babba in ya ɗauki sabuwar cutar jikinsa ne ke korarta da kansa cikin wata shida, duk abin da ya sha a tsakanin nan shi za a yaba, ko ruwan pampo ne. Wanda tasa zaunanniya ce kuwa sai ya sha ya ji garau, dama garau yake, ya daina zuwa asibiti. Addu'a da sauran abin da addini ya koyar a yi su, ba sa karo da ganin likita.

Abinci ba sai an takura masa ba. Za ki ji ana cewa kar ya ci nama, kar ya ci mai, kar ya ci ƙwai, har mutum ya rame a banza. Mai B da hantarsa ke lafiya yana cin abin da kowa ke ci, ya dai guji ƙiba da yawan zaƙi da maiƙo, giya kuwa ko kusa, sigari da shisha ma haka. Abu ɗaya da ya shafe mu sosai a nan Arewa shi ne gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya, akwai wata guba da ke fita daga fumfunar mai suna afalatoksin, in ta haɗu da B tana ninka haɗarin kansar hanta. Gyaɗar da ta yi ɗaci ko ta canza launi a tofar, ƙuli-ƙuli da tunkuza a san inda aka saya, hatsi a shanya shi ya bushe sosai kafin a zuba a buhu. Magungunan ciwon jiki da ake sha barkatai a rage, ko farasitamol ne kar a wuce ƙa'ida, kuma duk likitan da zai rubuta masa magani ya gaya masa yana da B.

Umma fa, kar ki yi faɗa da ita, kar ki ce mata bata waye ba. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Matar nan ta yi jinyar ƙaninta ta ga yadda ya ƙare, yanzu an ce mata ga irin ciwon a jikin wanda zai ɗauki 'yarta, me kike so ta ce? Ke ba za ki iya sauya mata ra'ayi da bakinki ba, domin a idonta ke yarinya ce da so ya rufe wa ido. Abba shi ne ƙofarki. Mutumin da ya ce a dakata bai ce a fasa ba, bayani yake jira. Ki same shi shi kaɗai bayan isha, ki ce Abba ba cewa nake a yi ko a bari ba, roƙona a bari ya ga likitan hanta, ranar da za a karanta sakamakon kuma a je da Umma ta yi tambayoyinta da bakinta. In shi saurayin ya amince da hakan, domin sirrinsa ne, sai da izininsa. Abin da likita zai faɗa mata a minti goma ya fi abin da za ki yi wata kina kuka a kai.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da zan ajiye miki, ki san yadda za ki ɗauke ta. In har ciwon hanta ne ya yi ajalin kawunki, toh ita Umma da 'yan ɗakinsu, har da yayar tata, ya kamata su gwada, domin B a tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya take yawan zama. Kar ki kuskura ki jefa wannan a matsayin martani ranar da ake cacar baki, zai zama rashin kunya kuma za ki rufe ƙofar gaba ɗaya. Ki bari likitan ya faɗa, ko Abba. Haka can gidansu, mamansa da ƙannensa da yayyensa duk su gwada, wanda babu a yi masa riga-kafi, wanda akwai ya fara ganin likita.

Shi kuma ki kira shi, ki ce masa ya dawo zance, ki kawo masa ruwa da hannunki a kofin gidan. Janyewar da ya yi kunya ce da jin an ƙyamace shi, ba lallai sanyin so ba ne. Amma daga nan ki zuba ido, domin a wajena abin da zai nuna miki ko mijin aure ne ba rizalt ɗin ba ne, yadda zai riƙe rizalt ɗin ne. In ya je asibiti, ya yi gwaje-gwajen, ya nuna miki takardun ba ɓoye-ɓoye, ya yarda a jira garkuwarki ta tabbata ko da an ɗaga biki, toh wannan mutum ne da za a iya zama da shi da ciwon da ya fi wannan ma. In kuwa ya ce shi lafiyarsa ƙalau likitoci neman kuɗi suke, ko ya tsaya a kan jarka, ko ya fara neman inda za a rubuta masa takardar "babu" a kai wa Abba, toh ƙanwata ki ji tsoron wannan halin fiye da cutar, kuma a nan ni da kaina zan ce ki haƙura.

In kuma an yi duk binciken, kin ji komai, kika ga zuciyarki ba za ta iya ɗaukar zaman zuwa asibiti duk wata shida da fargabar sikanin ba, kina da haƙƙin ki ce a'a, ba ki zama muguwa ba. Sai dai ki faɗa masa gaskiyar dalilinki, kar a bar shi da tabon zargin da bai aikata ba, kuma kar maganar ciwonsa ta fita daga gidanku. Haka in sakamakon ya nuna hantar ta riga ta taɓu sosai, wannan wani zama ne daban da za a yi da likita da iyaye, ki sake rubuto min a lokacin.

Allurarki ta farko dai bata jiran hukuncin kowa, ko da shi ko ba shi kina buƙatarta. Gobe in Allah ya kai mu ki shirya ki je a ɗebi jinin a fara, ki ja ƙanwar nan taki mai ware kofi ku tafi tare a duba katin riga-kafinta ita ma. Allah ya ba shi lafiya, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ya ji ƙan kawu.